Baba ya manta sunan Inna amma ba ya cin abinci sai daga hannunta. Shi ne har yanzu?

ƊanFari_74:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ci ni. Mahaifinmu ya haura tamanin. Shekara huɗu ke nan da mantuwa ta fara masa. Da fari makullin shago ne da inda ya ajiye carbi, daga baya har hanyar masallacin da ya yi shekara hamsin yana bi ta ɓace masa. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, irin wanda ake kira Alzheimer.

Yanzu bai san ni ba. Ni ne ɗan fari, tun da na tashi Baba bai taɓa kama sunana ba, bai taɓa zaunar da ni hira ba, kunya irin ta mutanen da. To yanzu da na shiga sai ya riƙo hannuna ya zaunar da ni ya yi ta ja na da wasa, don a wurinsa ni ne Ɗanlami, ƙanensa da ya rasu tun ina firamare. Wallahi ban san murna zan yi ko kuka ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai lamarin Inna ne. In ka tambaye shi wace ce wannan, sai ya ce wata baiwar Allah ce. Amma ba ya karɓar abinci daga hannun kowa sai nata. In ta tafi unguwa ya dinga safa da marwa ke nan tsakanin ɗaki da zaure, da ta yi sallama ya ji muryarta sai ya nemi wuri ya zauna.

Tambayata biyu ce. Mutumin nan da ke zaune a ɗakin, Babana ne har yanzu? Kuma in ƙwaƙwalwa ce ke riƙe da komai kamar yadda likitoci ke cewa, ta yaya sunan ya goge amma son bai goge ba?

UmmuSadiq:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Sai da na yi hawaye. Kakata haka ta yi kafin ta rasu, ta manta kowa amma Fatiha da Ƙulhuwallahu ba su bar bakinta ba.

Sarkin_Gardama:
Allah ya ba shi lafiya. Amma ɗan'uwa kada tausayi ya sa mu kira abu da sunan da ba nasa ba. Wannan sabo ne, ba so ba. Shekara nawa hannun nan yana miƙa masa kwano? Ko akuya ta san muryar mai ba ta dusa. So sai da sanin wanda kake so. In ba ka san ta ba, wa kake so?

Bazazzagiya:
Kai Sarkin_Gardama ka ji tsoron Allah, mahaifin mutum kake haɗawa da akuya? Kuma da kake cewa sabo ne, ka tambayi duk macen da ta yi shekara talatin a ɗakin miji ta gaya maka kashi nawa na son nan sabo ne. Wanda ake yi a waya ana turo fure shi ne kawai so a wurinka?

Sarkin_Gardama:
Misali na buga Hajiya, ban yi nufin cin fuska ba. ƊanFari a yi haƙuri. Amma tambayata na nan.

LikitanƘauye:
Bari in ɗan sa baki, sai dai a yi haƙuri zan yi tsawo. Kuskuren da muke yi shi ne ɗaukar tunawa kamar rumbu ɗaya, in ya ƙone komai ya tafi. Rumbuna ne da yawa, kuma ba wuri ɗaya aka gina su ba.

An gane haka ne da wani Ba'amurke, Henry Molaison. A 1953, yana da shekara 27, aka yi masa tiyata saboda farfaɗiya, aka cire masa wani sashe a kowane gefe na ƙwaƙwalwa wanda ya haɗa da abin da ake kira hifokamfus. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar bai ƙara iya ajiye sabon abu ba har ya mutu a 2008. Ka gaisa da shi ka fita, ka dawo bayan minti kaɗan, baƙo ne kai. Sai wata mai bincike, Brenda Milner, ta sa shi ya riƙa bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi. Abu ne mai wuya. Kwana uku ana yi yana ƙara ƙwarewa, amma kullum cewa yake bai taɓa yi ba. Hannu ya koya, mai hannun bai sani ba.

Alzheimer yawanci ta wannan yankin na hifokamfus take fara ci, shi ya sa sabon abu ke fara ɓacewa, tsohon ya daɗe. Shi ya sa Baba ke ganin ƙanensa a fuskarka. Fuskar gidan ce, kuma zamanin da ya rage masa a hannu zamanin da Ɗanlami ke raye ne.

Game da Inna kuma, a 2014 an yi wani gwaji a Jami'ar Iowa da masu wannan ciwo su 17. Aka nuna musu finafinai, wasu na ban tausayi wasu na ban dariya. Bayan ɗan lokaci da yawansu sun manta abin da suka kalla, wani ma ya manta an nuna masa fim, amma ɓacin ran ko farin cikin yana nan har wajen rabin sa'a. Dalilin ya tafi, abin da ya bari a rai bai tafi ba. To ka lissafa shekarun da Inna ta yi tana barin nata.

Sarkin_Gardama:
Likita ai ka goyi bayana ne ba ka sani ba. Hannu ya koya, mai hannun bai sani ba. Sabo ke nan.

LikitanƘauye:
Ban goya ba. Zana tauraro daban, nutsuwa da wani mutum takamaimai daban. Akwai wani mawaƙin Ingila, Clive Wearing, ƙwayar cuta ta shiga ƙwaƙwalwarsa a 1985. Tunawarsa ba ta kai minti ɗaya ba. Yana da littafi da yake ta rubuta cewa yanzu ne ya farka, bayan ɗan lokaci ya soke ya sake rubutawa. Amma duk sanda matarsa Deborah ta shigo, ko da fita ta yi ta dawo yanzu, sai ya tashi ya rungume ta kamar wanda ya shekara bai gan ta ba. Ma'aikatan jinyar da ke ba shi abinci kullum ba ya yi musu haka. In sabo da mai kawo kwano ne kawai, su ya kamata ya runguma.

MalamNaAllo:
Assalamu alaikum. ƊanFari, abin da ya sami mahaifinka Allah ya ambace shi a Suratun Nahli aya ta 70, cewa a cikinku akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Annabi (SAW) ma ya nemi tsari daga wannan matakin. Ba sammu ba ne, ba aljanu ba ne. Kuma alƙalami an ɗage daga wanda hankalinsa ya gushe, don haka kada ku matsa masa kan sallar da ya rikita.

Amma ko Babanka ne? Shi ne mana. Ruhin da aka busa masa tun yana ciki bai fita ba, haƙƙinsa a kanka bai ragu da ƙwayar zarra ba. Likitoci suna magana ne a kan abin hawa. Mahayin kuwa, Suratul Isra'i aya ta 85 ta ce ruhi yana daga al'amarin Ubangiji, kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Sannan wa ya ce so a ƙwaƙwalwa yake? Mu dai zuciya muka sani.

ƊalibarLikitanci:
Allah gafarta Malam, a kan ruhi ba ni da ta cewa. Amma zuciyar da ke ƙirji famfo ce. Tun 1967 Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a Cape Town ta Afirka ta Kudu, aka sa wa namiji zuciyar wata budurwa. Yau dubban mutane na yawo da zuciyar wani, kuma kowa gidan matarsa yake komawa, ba gidan matar mamacin ba. Ba mu kaɗai muka ɗauka so da hankali a zuciya suke ba, Misirawan da in za su adana gawa ta hanci suke zaro ƙwaƙwalwa, zuciya kuwa su bar ta a jiki. Aristotle, masanin Girka na da, ma cewa ya yi aikin ƙwaƙwalwa sanyaya jini.

MalamNaAllo:
'Yata, Allah ya yi albarka. Saɓanin ai ya girme mu duka. Imamun Nawawi ya kawo cewa mafi yawan malamansu na ganin hankali a zuciya yake, Imamu Abu Hanifa kuwa ya ce a ƙwaƙwalwa. Don haka ban kafirta ki ba, ke ma kada ki jahiltar da ni. Abin da nake cewa, na'urarku tana ganin inda wuta ta kama ne, ba ta ganin wanda ya kunna.

Injiniya_Bichi:
Ni abin da ya fi tsorata ni ba mantuwa ba ne, canjin hali ne. Mu muna cewa hali zanen dutse. To ku karanta labarin Phineas Gage. Shugaban leburori ne a aikin layin dogo a jihar Vermont ta Amurka. Ranar 13 ga Satumba 1848 albarushin fasa dutse ya tashi, sandar ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya, nauyin kilo 6, ta shiga ta kuncinsa na hagu ta fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba. Amma mutumin da aka sani da natsuwa da riƙon aiki ya koma mai ashar da rashin haƙuri, har abokansa suka ce wannan ba Gage ba ne. In ƙarfe zai iya kankare zanen, dutsen nama ne ke nan.

Malama_Tarihi:
Injiniya a ƙara da ɗaya rabin labarin, don ana yawan yanke shi a nan. Gage ya tafi ƙasar Chile ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki mai ɗaukar fasinja a doguwar hanya. Aiki ne da ke son tashi da wuri, lissafin kuɗi da iya zama da jama'a. Bai mutu ba sai 1860. Masu bin tarihinsa na ganin canjin ya fi tsanani a shekarun farko, daga baya ya farfaɗo sosai. Marubuta ne suka yi ta ƙara wa miyar gishiri.

Maman_Biyu:
Ba sai mun je Amurka ba. Yayana ya faɗi a kan babur shekara shida da suka wuce, goshinsa ya bugi kwalta, ya yi kwana tara bai san inda yake ba. Ya tashi bai manta kowa ba, har lambar wayata ya riƙe. Amma mutumin da ko yaro ba ya iya yi wa tsawa ya koma zagin mahaifiyarmu a gaban baƙi, kuɗi in sun shigo hannunsa ba sa kwana. Dangi suka ce matarsa ce ta yi masa asiri, aka tasa baiwar Allah a gaba har ta bar gidan. Sai daga baya wani likita ya nuna mana hoton kansa ya ce gaban ƙwaƙwalwar ne ya ji rauni, wurin da ke taka wa mutum burki. Har yau ina jin kunyar matar nan.

ƊanFari, ni da za a ba ni zaɓi, gara naka. Naka ya manta ku amma shi ne. Nawa ya san mu sarai amma wallahi wani lokaci in na dube shi sai in ji Yaya ya rasu tun ranar haɗarin.

LikitanƘauye:
Maman_Biyu, abin da kika faɗa an taɓa auna shi. A 2015 wasu masu bincike biyu a Amurka, Nina Strohminger da Shaun Nichols, sun tambayi dangin majinyata 248 masu cututtukan ƙwaƙwalwa iri uku ko suna jin majinyacin nasu shi ne har yanzu. Abin da ya fi sa dangi su ce ya zama wani daban shi ne canjin ɗabi'a, irin gaskiya, tausayi da riƙon amana. Mantuwa ita kaɗai ba ta cika sa su faɗi haka ba. Allah ya ba Yaya lafiya.

Sarkin_Gardama:
Wannan ra'ayin dangi aka auna, ba gaskiyar lamari ba. Dangi ai abin da zai kwantar musu da hankali za su faɗa.

ƊalibarLikitanci:
Akwai wani ciwo da yake kishiyar na Baba, ina ganin zai taimaka wa gardamar. Wani likitan Faransa, Joseph Capgras, ya bayyana shi a 1923, a kan wata mata da ta dage cewa an sauya mata miji da wani mai kama da shi. Mai wannan ciwon ya gane fuska tsaf, ya san suna, amma ɗumin nan da kake ji in ka ga naka ba ya zuwa. An gwada ta hanyar auna gumin fata, fatarsu ba ta amsa wa fuskar da suka sani fiye da ta baƙo, alhali ta mai lafiya tana amsawa. Sai ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci, tunda ban ji komai ba to wannan ba matata ba ce. Ke nan gane mutum hanya biyu ne, hanyar suna da hanyar ji a jiki. Baba ta farko ce ta toshe. Ku duba, wanda ya rasa ta biyun shi ne ke korar matarsa, wanda ya rasa ta farkon kuwa yana jiran ta a zaure.

Bazazzagiya:
Allah ya ba ki miji nagari 'yar nan. Sarki sai ka amsa.

Gwauron_Zamani:
Ni fa duk kun tsorata ni. Na karanta cewa so sinadari ne kawai. A 2005 su Helen Fisher sun sa masoya 17 a na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna musu hoton wanda suke so, sai wuraren da ke aiki da dofamin, sinadarin da ke sa jin daɗi, suka kama, wuraren da ƙwaya ke kunnawa. Wato wanda ya kamu da so da ɗan ƙwaya layi ɗaya suke. Shi ya sa na ce bari in tsaya a gwauro, lafiyata ta fi.

UmmuSadiq:
Ka dai ce ba ka da kuɗin lefe.

Injiniya_Bichi:
Akwai ma wasu ɓerayen daji a Amurka da namiji ke riƙe mace ɗaya su yi renon 'ya'ya tare, 'yan uwansu na kan tsauni kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Aka gano bambancin na da alaƙa da yadda ƙwaƙwalwarsu ke karɓar sinadaran oksitosin da basofiresin, masu alaƙa da shaƙuwa.

Hajiya_Uwargida:
Injiniya don Allah a ina ake sayar da allurar? Akwai wani Alhaji a gidan nan da ke ta shiga da fita kwanan nan yana sabon ɗinki.

Gwauron_Zamani:
Hajiya a bar Alhaji ya raya sunna.

LikitanƘauye:
Hajiya ki riƙe kuɗinki. A 2023 masu bincike a California sun samar da irin ɓerayen nan ba tare da abin da ke karɓar oksitosin a jikinsu ba gaba ɗaya, kuma suka ci gaba da riƙe abokan zamansu. Labarin sinadari ɗaya tilo bai tsaya ba. Kai kuma Gwauro, akwai ci gaban binciken da ka kawo. A 2012 an gwada mutanen da suka yi kimanin shekara 21 da aure kuma suka ce har yanzu suna cikin so. Wuraren dofamin ɗin sun kama, amma tare da su har da wuraren da ke da alaƙa da shaƙuwa da natsuwa. Sanin sunan sinadarin kuma bai mayar da abin ƙarya ba. Yunwa ma sinadari ce, ka taɓa fasa cin tuwo don haka?

MalamNaAllo:
Mawadda da rahama, Suratur Rum aya ta 21. Kuma kafin su an ce don ku natsu zuwa gare su. Natsuwar nan ce ƊanFari yake gani in Inna ta yi sallama.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya, maganar ƙarin aure tana da nata zauren. Na goge saƙo biyu.

ƊanMaradi:
Salamu alaikum daga Maradi. Ni tsoron da nike ji ma Inna nike ji. Kakanmu ya rasu, kakarmu lafiyarta lau, ita ke dakanta. Ba ta gama takaba ba ta bi shi. Ta ce ƙirjinta ya riƙe, aka kai ta likita, kwana biyu ta cika. Mutane suka ce shi ya kira ta. Ku kula da tsohuwar nan, mai jinya shi ma majinyaci ne.

ƊalibarLikitanci:
Allah ya jiƙansu. Abin da ka faɗa sananne ne. A 1969 an buga wani bincike a Birtaniya da ya bi maza 4,486 da matansu suka mutu, aka ga a wata shida na farko mutuwa a cikinsu ta ɗara ta sa'o'insu masu aure da kashi 40 cikin ɗari, kuma ciwon zuciya ne kan gaba. Akwai kuma ciwon da likitocin Japan suka bayyana a 1990, takotsubo, sunan tukunyar da masunta ke kama wata halittar teku mai hannuwa takwas da ita. Tashin hankali mai tsanani na sa sinadaran firgici su yi yawa, sai ɗakin hagu na zuciya ya buɗe kamar tulu ya kasa harba jini yadda ya kamata. Mafi yawan masu kamuwa mata ne da suka manyanta. Yawanci ana warkewa, amma yana kisa. Malam, a nan kam na sallama maka rabi, baƙin ciki daga ƙwaƙwalwa yake tasowa amma zuciya ce ke biyan bashin.

MalamNaAllo:
Na karɓi rabin.

ƊanZongo_Kumasi:
Ni tagwaye ne, ni ne Hassan. Kamarmu ɗaya har malaman makaranta a zongo ba sa raba mu. Gida ɗaya, kwano ɗaya, bulala ɗaya. Amma shi mai shiru ne, ni ga ni nan. Matarsa ba ta taɓa ɗaukata shi ba ko daga nesa, ta ce tafiyarmu ba ɗaya ba. To ni ban gane ba, in jini ɗaya ne, me ya sa ni ni ne shi shi ne?

LikitanƘauye:
Hassan, a kanka akwai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, lissafin wata 'yar Brazil, Suzana Herculano-Houzel, a 2009. Kowace tana haɗe da dubban wasu. Gado yana ba da tsarin gini ne a dunƙule, amma wace igiya za ta yi kauri wace za ta tsinke, wannan rayuwa ce ke yi, kuma ko a ciki ɗaya ba wuri ɗaya kuka kwanta ba. Direbobin tasi na Landan da ke haddace titunan birnin, a 2000 an ga bayan hifokamfus ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, kuma yana tafiya da yawan shekarun aiki. A 2015 masu bincike a Jami'ar Yale sun yi nazarin hoton aikin ƙwaƙwalwar mutum 126 da aka ɗauka, aka kuma sake ɗauka wata rana, kwamfuta ta iya cewa wannan na wane ne, a mafi kyawun gwajin ta dace fiye da sau 90 cikin 100. Kamar zanen yatsa, wanda shi ma naka da na Hussaini ba ɗaya ba ne.

Shi ya sa nake ganin tambayar ƊanFari ba ta amsuwa da e ko a'a. Ciwon yana warware saƙar ne zare zare. Inna kuwa ba a zare ɗaya take ba. Muryarta, takunta, ƙanshin girkinta, lokacin da take shigowa, kowanne da inda ya kama.

Nas_Mai_Dare:
Shekara 14 ina aikin jinya. Abu biyu. Na farko, masu wannan ciwo rikicewarsu na ƙaruwa da magariba, shi ya sa ake cewa aljanu ne. Ku kunna fitila tun kafin duhu, a rage hayaniya. In kuma kun ga ya rikice fiye da kullum farat ɗaya, ku kai shi a duba fitsari da zazzaɓi, sau da yawa wani ciwon ne ya shigo.

Na biyu, ban san yadda zan faɗe shi ba. Na sha ganin tsoho da ya daɗe bai san kowa ba, rana ɗaya ya buɗe ido ya kira 'ya'yansa da sunansu, ya nemi fura, ya yi wasiyya. Dangi su yi ta murna, mu kuwa mu yi shiru, don galibi kwana ɗaya ko biyu ke nan. In ya zo muku kada ku ce bari sai gobe a kira na nesa.

UmmuSadiq:
Wallahi haka kakata ta yi! Ranar Laraba ta kira mahaifiyata da sunan da ta shekara uku ba ta faɗa ba, ta tambaye ta ina ɗan kunnenta na aure. Asubar Juma'a ta rasu.

Sarkin_Gardama:
To likita ga tambaya ta gaskiya, ba gardama ba. In zaren ya tsinke kamar yadda ka ce, daga ina sunan ya dawo?

LikitanƘauye:
Wannan farkawar ta dab da ajali an daɗe ana rubuta ta, kuma har yau masana na bincike a kai. Wasu na ganin tana nuna cewa wani abin ba gogewa ya yi ba, hanyar isa gare shi ce ta toshe. Abin da aka auna kai tsaye kaɗan ne. A Jami'ar Michigan, Jimo Borjigin ta ga a 2013 cewa ƙwaƙwalwar ɓeraye na yin wani tashi mai ƙarfi a cikin daƙiƙa 30 bayan zuciya ta tsaya. A 2023 ta duba bayanan mutum huɗu da suka mutu bayan an cire musu na'urar numfashi, biyu sun nuna irin wannan tashin. Mutum huɗu ne kawai, kuma babu wanda ya dawo ya ce ga abin da ya gani. Masu yaɗa cewa an ɗauki hoton fitar rai su ji tsoron Allah.

MalamNaAllo:
A nan ni da likita bakinmu ɗaya.

ƊanFari_74:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka har sau biyu. Jiya da daddare na zauna da Inna na ba ta labarin muhawarar nan, har da maganar Sarkin_Gardama, amma na cire akuyar. Na tambaye ta ko ba ya yi mata ciwo da Baba ya manta sunanta. Sai ta yi dariya ta ce, ni da na yi shekara hamsin da biyu ban taɓa kama sunansa ba, shi ma sau nawa ka ji ya kama nawa? Da "ke" muka zauna da "Malam". Ta ce abin da take dubawa ɗaya ne, tun suna amarya da ango in ta kawo abinci sai ya tura mata tsokar da ta fi girma gefen kwano. Har jiya yana yi. Ta ce ranar da ya daina, ranar za ta san Malam ya tafi.

ƊanMaradi na ji shawararka, ƙanwata za ta dawo gidan ta riƙa karɓar ta.

Saura abu ɗaya. In ya kira ni Ɗanlami, in amsa ko in gyara masa? Sau ɗaya na ce masa Ɗanlami ya rasu, ya yi kuka kamar yau aka yi mutuwar, bayan awa ɗaya ya sake tambayata.

Nas_Mai_Dare:
Ka amsa. Duk sanda ka gaya masa, sabuwar ta'aziyya ce, kuma kamar yadda likita ya faɗa a sama, zai manta dalilin ya zauna da baƙin cikin.

MalamNaAllo:
Ba sai ka ce "ni ne Ɗanlami" ba. Ka ce "na'am, ga ni". Ba ka yi ƙarya ba, ga ka ɗin.

Maman_Biyu:
Ni dai zan ce ka riƙa faɗa masa sunanka lokaci lokaci, ko bai riƙe ba. Kai ma kana da haƙƙin ka zama ɗansa.

Sarkin_Gardama:
Maganar tsokar naman ta kashe mini jiki, ba zan ɓoye ba. Amma har yanzu ina cewa in sabo ya yi shekara 52 dole ya yi kama da so. Ko kuma so ne ke komawa haka, oho. Likita bai raba mini su ba.

Bazazzagiya:
Ka yi aure ka raba su da kanka.

ƊanFari_74:
Maman_Biyu zan gwada. Sai dai gaskiya hirar da yake yi da Ɗanlami ban taɓa samun irinta ba a matsayin ɗansa. Shekaranjiya ya ba ni labarin yadda suka saci rake a gonar wani suka sha duka, yana dariya har da tari. Ga shi can ma yana kira, an idar da la'asar yana son a fita da shi ƙofar gida. Sai na dawo.